Tarihin Yajin Gashi a Ƙasar Hausa

Ranar Sallar Layya, da zarar an sauko daga idi an yi yanka, titunan unguwannin Yamai sukan cika da hayaƙi. Ana feɗe rago, a buɗe ƙirjinsa, a miƙe shi bisa sanduna biyu da aka gicciya, sa'an nan maƙwabta su jera nasu kewaye da babbar wuta guda, haƙarƙari yana duban garwashi. Haka ragunan za su wuni har bayan magariba, ana juya su, kitse yana ɗiga. Wannan shi ne aikin da kowa yake gani, kuma na maza ne. Amma tun kwana biyu ko uku kafin Sallah an riga an yi wani aiki a cikin gida, wanda shaidarsa ita ce ƙarar turmi da atishawar yara: mata sun daka yaji. Idan aka yanko awaza aka ajiye gaban baƙo, ba ya tambayar irin itacen da aka ƙona. Yajin yake dangwala, shi yake yabawa, ko kuwa ya yi shiru.

Kowace uwargida takan ce nata yajin shi ne na asali, haka ta gada wurin kakarta, kakar ma haka ta tarar. Mahauta su ma abin da suke faɗa ke nan. Maganar tana da gaskiya ta wani fanni, domin hannu da ma'auni gado ne. Sai dai in aka zazzage kayan da ke cikin turmin, aka bi kowane ɗaya zuwa inda ya fito, za a tarar ba tsara ɗaya ba ne. Waɗansu tsofaffi ne ƙwarai a wannan ƙasa, waɗansu raƙuma suka kawo su, biyu daga cikin manyansu sun ƙetaro teku daga wata nahiya, na baya-bayan nan kuwa akwai dattawan da suka ga isowarsa kasuwa da idonsu.

Kafin barkono

A shekara ta 1353 matafiyin nan na Tanja, Ibn Battuta, a kan hanyarsa ta komawa Maroko daga ƙasar Mali, ya sauka a Takedda, garin jan ƙarfe wanda masu binciken kufai suke dangantawa da Azelik, a yankin Ingal na jihar Agadas. Ya ba da labari cewa mutanen garin suna sayen nama da itacen wuta da siraran sandunan jan ƙarfe, waɗanda su ne kuɗinsu. Ya kuma ziyarci sarkin yankin a zangonsa, ya yi kwana shida a can, kullum ana aiko masa da gasassun raguna safe da yamma. Ga gashin rago ɗungum ke nan a ƙasar da take Nijar a yau, fiye da shekara 670 da suka wuce. Abu guda kuwa tabbatacce ne game da waɗannan raguna: babu barkono a jikinsu, babu ƙuli-ƙuli. A wannan zamani ba wanda ya taɓa ganin barkono ko gyaɗa a Afirka ko Turai ko Asiya, domin sai bayan shekara 139 jiragen Kolombo suka isa Amurka.

Abin da ake da shi na farko shi ne gishiri, kuma ba iri ɗaya ba ne. Kusa da Azelik ɗin akwai Tigidda-n-Tesemt, inda har yanzu ake tsame gishiri daga ƙasa mai zartsi a cikin ƙananan ramuka. Can gabas, a Kawar, akwai Bilma, da Fashi a kan hanyarta, inda ake yin kantu, wanda galibi na dabbobi ne, da beza ta miya. Ayarin Abzinawa yakan ratsa Tenere da kaka ɗauke da hatsi, ya komo da gishiri da dabino, ya gangaro Damargu da Damagaram har Katsina da Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth irin wannan ayari ya biyo daga Abzin a ƙarshen shekara ta 1850, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851. Ƙasar Manga tana da mangul, Dallol Foga tana da nata gishirin. Kowane ɗaya da launinsa da ɗanɗanonsa, gwargwadon kanwa da sauran ma'adinan da suka gauraya da shi. Saboda haka ko da matar Gure da matar Birnin Ƙonni sun zuba kayan yaji iri ɗaya a turmi, abin da za su kwashe ba zai zama ɗaya ba. Gishirin teku na buhu da ake saye yanzu ya shafe wannan bambanci, kuma ba a cika lura da cewa an yi hasarar wani abu ba.

Zafin kuwa daga kurmi yake zuwa. Masoro da kimba da citta mai ƙwaya duka ƴan Afirka ne, amma ba sa yi a jigawa, sai a ƙasashen kudu masu yawan ruwa. Fatake ke hawowa da su ta hanyoyin Nufe da ƙasar Yarabawa da Gwanja, hanyoyin da ake kai kanwa da gabu da tufafi da fatu, a komo da goro. Ba a ƙasar Hausa kaɗai suke tsayawa ba. Citta mai ƙwaya ta ƙetare Sahara ta isa kasuwannin Turai tun ƙarni na 13, inda Faransawa suka laƙaba mata suna graine de paradis, wato ƙwayar aljanna, don ba su san inda take fitowa ba. Masu koyar da tsohon adabin faransanci za su same ta da wannan suna a cikin Roman de la Rose. Daga baya, da Turawan Fotugal suka gano tushenta ta ruwa, gaɓar tekun da take Laberiya a yau ta ɗauki sunanta a taswirorin Turai.

Harshe ya adana wani ɓangare na wannan tarihi. A ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916, kalmar citta ita kaɗai tana nufin mai ƙwaya. Wadda ake tonowa daga ƙasa, ƴar asalin Asiya, ita ce mai buƙatar ƙarin bayani: citta mai yatsu, ko cittar Afo. Yau al'amarin ya juya. Wanda ya je wurin ɗan koli ya ce a ba shi citta, mai yatsun za a miƙo masa, ta asalin kuwa sai an yi mata bayani. Baƙuwa ta karɓe ɗaki da suna.

A kan waɗannan ana ƙara abin da daji da gona suke bayarwa: ɓawon fasa-ƙwari, da kulla, da daddawa, ko ta kalwa ko ta batso wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa. Yajin jego da ake daka wa mai haihuwa, wanda kimba da masoro da citta da kanumfari suke rinjaye a cikinsa, shi ne ya fi kusa da wancan tsohon ɗanɗano. Zafinsa ba irin na barkono ba ne mai cizon leɓe nan take. A hankali yake sauka, ya zauna a maƙogwaro da ƙirji.

Daga arewa kuma raƙuma sun kawo nasu. Kanumfari sunansa ma ya nuna hanyarsa, daga larabci ƙaranful. Asalin itacensa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, sai a farkon ƙarni na 19 aka dasa manyan gonakinsa a Zanzibar. Barth ya lissafa shi cikin hajar da ake shigowa da ita Kano daga arewa, tare da jawul da sauran kayan ƙamshi. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya mulki Damagaram har zuwa 1884, ayarin Tarabulus da Gadamas suna sauka a Zinder da irin wannan haja. Abu ne mai tsada, ana ƙirga shi da ƙwaya, kuma har yau mai daka ba ta sakin hannu a kansa, ko da yake yanzu dalilin shi ne ɗacinsa in ya yi yawa. Albasa ma sunan larabci gare ta, amma ta daɗe da zama ƴar gida, har Galmi ta yi suna da ita.

Baƙi biyu daga Amurka

A watan Janairu na 1493 Kolombo ya rubuta cikin littafin tafiyarsa cewa mutanen tsibirin da ya kira Hispaniola suna da wani yaji mai suna aji, ba sa cin abinci sai da shi. Barkono ke nan. Turawan Fotugal, waɗanda suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana tun 1482, suka kuma isa Burazil a 1500, su ne suka yi ta kai da kawowa tsakanin gaɓoɓin tekun biyu a ƙarni na 16, a jiragen da suke kwasar bayi. Ta hannunsu barkono da gyaɗa da rogo suka sauka a Afirka ta yamma, daga nan suka bi kasuwa zuwa kasuwa suna hawowa arewa. Ba duk tsirran Amurka ne suka biyo ta teku kai tsaye ba, sunan masara ma yana nuni ga Masar. Abin lura ga malaman faransanci shi ne cewa kalmar barbecue, wadda ɗalibai suke ɗauka ta Turawa ce, daga wannan yanki ta fito: mutanen Sifen sun ji ƴan tsibiran Karibiyan suna kiran ragar itacen da suke ɗora nama a kai barbacoa.

Dalilin da ya sa barkono ya ture masoro da kimba daga kan gaba ba ɗanɗano kaɗai ba ne. Masoro sai an saya, kuma kafin ya iso Gobir ko Adar ya ratsa hannuwa da yawa, kowa ya ɗora ribarsa. Barkono kuwa yana yi a bayan ɗaki, yana yi a fadama, ƙwayarsa kyauta ce, kuma busasshensa yana shekara bai lalace ba. Da zuwansa talaka ya samu zafin da a da sai mai hali. Haka ma gyaɗa, wadda asalinta yankin Boliviya da arewacin Ajantina ne: ta tarar da jigawa mai yashi irin wadda take so. Manoma ba su sha wuyar gane ta ba, don suna da irinta, mai binne ƴaƴanta a ƙasa. Shi ya sa sunayen suka cakuɗe. A Kano, gyaɗa ita ce baƙuwar, gujiya ita ce ƴar gida. A Sakkwato da Gobir da wurare da dama na Nijar kuwa, baƙuwar ce ake kira gujiya, ƴar gidan ta koma ƙwaruru. Malamin da ke koyar da Hausa a aji mai ɗalibai daga Tawa da Magarya ya san rikicin da wannan yake haddasawa.

Amma abin da ya mayar da gyaɗa kayan yaji ba daga Amurka ya zo ba. Aikin matan Hausa ne. Su suke soya gyaɗa, su murje, su niƙa, su yi ta juyawa da ruwan zafi kaɗan kaɗan har mai ya fito, su matse. Abin da ya rage shi ne tunkuza, wadda ake mulmulawa a soya cikin man da ya fita daga jikinta, ta zama ƙuli-ƙuli. In aka daka ƙuli ya koma gari, an samu abin da ɗanyar gyaɗa ba za ta iya yi ba: gari mai ƙamshin suya, wanda mai ya ragu a jikinsa, saboda haka ba ya dunƙulewa, yana manne wa nama, yana shanye romonsa, yana kuma rage wa barkono kaifi. Wannan dabara ita ce zuciyar yajin tsire.

Mahauta

Ranar 20 ga Janairu 1824 Hugh Clapperton ya shiga Kano. A cikin bayanin da ya yi na kasuwar birnin, ya ce kusa da mahauta akwai wuraren sayar da abinci a fili, kowane ɗaya wuta ce ta itace da aka kewaye da tsinkaye, an soke ƙananan yankan nama a jikinsu, tsoka da kitse bi da bi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire a tashar Tasawa ko ta Madawa zai gane hoton nan take, shekara 200 ba su canza shi ba. Abu ɗaya ne ya bambanta. A wurin da Clapperton ya gani, mace ce ke zaune da faifai bisa gwiwa tana miƙa wa masu saye. Yau sayar da tsire sana'ar maza ce ƙwarai, har ana ganin kamar haka take tun fil azal.

Fawa sana'ar gado ce mai tsari. Kowane gari yana da sarkin fawa wanda sarki yake naɗawa, shi ke lura da yanka da rabon wuri a kasuwa, shi ke sasanta rigima. Mahauta, ko rundawa, suna da kiɗansu na kalangu, wanda a da shi ke sanar da ƙauye cewa an yi yanka. Al'umma ba ta ba su babban matsayi ba, ko da suna da dukiya, kuma akwai gidajen da ba sa ba su aure. Wannan wariya ta sa suka riƙa auren junansu, sirrin sana'a kuma ya zauna a cikin gida. Yaro yakan fara da wanke hanji da hura wuta, sa'an nan feɗe nama falle-falle, haɗa yaji kuwa sai daga ƙarshe. Sau da yawa ma ba maigidan ke dakawa ba, matansa ne, kuma a wurin mata masu yin mai ake sayen ƙulin. Ashe sana'ar da ake kira ta maza, rabinta a cikin kulle ake yin ta.

Daga hannun mahauta nau'o'in gashi suka rarrabu. Tsire na tsinke ne, ana shafa masa mai da garin ƙuli kafin ya ga wuta. Balangu ana gasa shi manya-manya ba tare da ƙuli ba, a yanka, a ba da yaji a gefe. Kilishi shi ne mafi wahala: a feɗe tsoka ta yi siriri kamar takarda, a shanya a rana, a tsoma cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna masa wuta kaɗan. A Nijar an san iri uku, ja da fari da rumuzu, wanda shi ba a tsoma shi cikin tunkuza, mai da gishiri da yaji kawai ake shafa masa. Kilishi guzurin matafiyi ne, yana watanni bai ɓaci ba, abin da ya dace da ƙasar fatake da mahajjatan ƙasa.

Zamanin gyaɗa

Gyaɗa ta daɗe tana abincin gida kafin ta zama hajar Turawa. Barth ya ga yadda ta zama babban abinci a Adamawa tun 1851. Abin da ya canza girmanta shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, Ingilishi suna sa ran auduga, sai manoma da ƴan kasuwar Kano suka cika tasha da gyaɗa tun daga kakar 1912. A ɓangaren Faransa abin ya ɗan jinkirta, sai a shekarun 1930 cinikin ya kankama a Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai, inda kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe wuraren awo. Haraji da kuɗi ake biyansa, kuɗin kuwa gyaɗa ke kawo shi, don haka kowane magidanci ya ware mata gona. Yawancin alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, a wannan ciniki suka fara tara jari. Bayan samun ƴancin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin, kuma a tsakiyar shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar take fitarwa waje.

Littattafan makaranta sukan tsaya ga tan nawa aka fitar da kuɗin da aka samu. Ba sa duban abin da ya faru a madafi. Ƙasar da kowane ƙauye yake noma gyaɗa, ƙasa ce da kowace unguwa take da mai yin mai, ƙuli kuma ya zama abin da yaro yake saye da ƴan canjinsa. A lokaci guda kasuwannin kaka sun cika da manoma masu sabon kuɗi a aljihu, ga tashoshin mota, ga ƴan ƙwadago da direbobi masu cin abinci a waje. Da wuya a raba yaɗuwar tsire mai kaurin ƙuli, kamar yadda aka san shi yanzu, da wannan zamani. Da farin shekarun 1973 da 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, cinikin waje ya durƙushe, yuraniyom na Arlit ya karɓi matsayinsa. Amma turmi bai tsaya ba. Gyaɗar da ta rage ta koma hannun mata masu mai da ƙuli, waɗanda har yau su ne manyan masu sarrafa ta a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Yajin ya bi mahauta duk inda shanu suka je. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu daga arewa zuwa kudu, kuma inda duk aka kafa zango, tukuba ba ta nisa. Mutanen kudancin Nijeriya suka kira tsire suya, alhali a Hausa suya da mai ake yin ta a kasko, sunan kuma ya bi duniya da kuskurensa. A Kamaru ana cewa soya, a Gana cicinga, yajin kuma tankora. A Sudan, inda zuriyar mahajjatan ƙasa suka zauna, ana sayar da agashe, kalmar da duk Bahaushe zai ji ta a kunnensa.

Haƙarƙari da wuta

Haƙarƙari ba tsire ba ne, kuma nan ne gwanaye suke bambanta da ƴan koyo. Yankan tsire siriri ne, yana nuna kafin ƙulin jikinsa ya ƙone. Awaza kuwa tana da ƙashi da kitse da jijiya, tana buƙatar sa'o'i kafin jijiyar ta saki. Garin ƙuli da barkono ba sa jure wannan tsawon lokaci a gaban wuta, suna baƙi su yi ɗaci. Saboda haka mahauci mai sanin aikinsa gishiri yake fara shafawa, wani lokaci da citta da tafarnuwa, ya bar naman ya sha. Yakan ajiye shi gefen garwashi, nesa da harshen wuta, ɓangaren ƙashi yana duban zafi. Sai naman ya kusa sauka yake shafa mai ya barbaɗa yajin ƙuli, ya bar shi ya kama na ɗan lokaci. Sauran yajin a takarda ake zuba shi, tare da albasa. Tsarin gashin Layya na Yamai, inda ragon yake tsaye nesa da wutar yana shan zafinta wuni guda, wannan ƙa'ida ce aka bi, shi ya sa ake cin sa da yaji a gefe.

Itacen ma yana da nasa rabo. Ƙirya, wadda maƙera suke so don garwashinta mai daɗewa, ita ce masu gashi suke nema, kuma ta yi wuya a wuraren da a da take da yawa.

A daka kuwa kowane abu da lokacinsa. Ana shanya barkono har ya yi ƙaras, a cire hancinsa. Kimba ana ɗan babbaka ta, da yawa kuma suna zubar da ƴaƴanta don ɗaci. Masu tauri, wato citta da masoro da kanumfari, su ake fara dakawa tare da gishiri, wanda ke taimaka wa taɓarya ta ci su. Ƙuli yana shiga daga baya, don in ya daɗe a turmi sauran mansa yana fitowa ya dunƙule garin. A tankaɗe, a mayar da tsaki, a sake. Injin niƙa ya rage wannan wahala, amma injin da ya niƙa hatsi da safe ya niƙa yaji da rana ba ya ware mai tauri da mai laushi, kuma zafinsa yana kore ƙamshi. Matan da suka iya sun san haka, shi ya sa yajin Sallah da na jego har yanzu turmi ake ba su a gidaje da yawa.

Dunƙule

Baƙo na ƙarshe a takarda ya zo. Kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwis ya fitar da dunƙulensa a 1908, shekarar da masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano sinadarin gulutamat mai ba romo daɗi. Dunƙulen ya mamaye kasuwannin Afirka ta yamma bayan samun ƴancin kai, musamman daga shekarun 1970, wasu irinsa kamar Jumbo suka biyo baya. Abin da yake bayarwa ba sabo ba ne a nan, domin daddawa ma gulutamat ɗin take samarwa ta hanyar ruɓawa. Sai dai ya fi ta sauƙi, ba shi da warin da ƴan birni suka fara jin kunyarsa, kuma kullum ɗanɗanonsa ɗaya ne. Wannan na ƙarshe shi ne illarsa ga yaji. In aka zuba shi da yawa yana rufe masoro da kimba, mai daka kuma ta ga ba ta da dalilin sayensu. Yajin leda da ake sayarwa a tasha sau da yawa ƙuli ne da barkono da gishiri da dunƙule, ba ƙari, kuma daga Doso har Difa bakinsa ɗaya.

Akwai kuma matsalar da ido ba ya gani. A 1960 talotalo wajen 100.000 suka mutu a Ingila bayan sun ci dusar gyaɗa da aka kawo daga Burazil, binciken da ya biyo baya ya gano gubar aflatoksin, wadda wani naman gwari yake haifarwa a jikin gyaɗar da ta sha laima. Gubar tana lahanta hanta, suya da gashi ba sa kawar da ita, kuma in aka matse mai yawancinta a tunkuza take zama. Tsofaffin masu yin mai suna tsince gyaɗa ƙwaya ƙwaya, su zubar da mai baƙi da mai ƙwari, ba tare da sun san sunan gubar ba. Wanda yake sayen garin ƙuli a buhu ba shi da hanyar sanin ko an yi wannan tsinta.

A 2023 hukumar OAPI, mai mazauni a Yawunde, wadda ke kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashe 17 na Afirka, ta miƙa wa Nijar takardun shaidar asali na kilishin Nijar da albasar Galmi. Abin farin ciki ne ga mahautan Madawa da Tasawa da Gidigir, domin sunan hajarsu ya samu kariya a kasuwa. Irin wannan rajista tana tafiya da kundin ƙa'idoji mai fayyace nama da kayan haɗi da matakan aiki, kuma wajibi ne a yi hattara kada abin da aka rubuta a shekara ɗaya ya zama shi kaɗai ne ake kira na asali, alhali yaji bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Kundin kuma na kilishi ne, hajar maza mai shiga jirgin sama. Yajin daddawa da na tafarnuwa da na jego, waɗanda ba a sayarwa sai dai a kai wa ƴar'uwa a kwalba, ba su da hukumar da za ta rubuta su. Ƙungiyoyin raya al'adu sun tattara tatsuniyoyi da karin magana da kirarin sarakuna, amma kaɗan ne suka zauna gaban tsohuwa suka tambaye ta kimba nawa take sa wa tiya ɗaya ta barkono, ko me ake cewa da fasa-ƙwari a garinsu. A rumfunan ƴan koli na babbar kasuwar Maraɗi har yanzu ana samun masoro da kulla da citta mai ƙwaya a ƙananan ƙulle-ƙulle, kuma masu sayensu galibi dattawan mata ne da ƴarsu ta kusa haihuwa.